Shekarar da Na Ari Filin Abba

Akwai maganar da take yawo a dangi, har ta zagayo ta dawo kunnena ta bakin jikata, wai na fifita alayyahu a kan ɗan da na haifa. Wai ni na hana a gina wa Abba sashensa a gidanmu na Tarauni, na tura shi haya Unguwa Uku don kada a taɓa min lambu. Duk wanda ya faɗa da dariya yake faɗa, ni ma da dariya nake ji. Amma abin wasa idan ya daɗe a baki yakan koma tarihi, kuma ba na so bayan raina ku riƙa ba 'ya'yanku labarin a karkace. Ku ji yadda aka yi daga bakin wadda aka yi da ita.

A shekarar da mahaifinku ya yi ritaya muka bar Gyadi-Gyadi. Ku manya kun san gidan hayar nan, kun san rumfar da nake sayar da abinci a ƙofarsa tun ana goya ku. Tuwo da miyar taushe, shinkafa da wake, dambu ranar Juma'a. Direbobi, masu adaidaita, masu jinya da suke fitowa daga asibiti neman abin da majinyaci zai iya haɗiya, duk sun ci daga hannuna. Gwiwoyina ne suka fara ƙin tsayuwar murhu, sai ƙaurar ta zo daidai da gajiyata, na kife tukwane na biyo Malam gidan da ya daɗe yana ginawa da kaɗan-kaɗan. An gama ɗakunan gaba, ta can ƙurya kuma an bar fili, an jibge bulo a gefe, ana jiran lokacin auren Abba a yi masa ɗaki da falo. Kowa ya taya ni murna na huta. Ni kuwa ban taɓa sanin hutu yana da nauyi haka ba. Macen da ta saba tashi ta ji mutane suna kiranta ta ko'ina, sai ga ta a tsakar gida tana kallon inuwa tana matsawa daga wannan bango zuwa wancan. Ban gaya wa kowa ba, amma har rama na yi.

Wata Asabar 'yata Ummi, wadda a lokacin ta gama jami'a tana jiran bautar ƙasa, ta dawo daga wani babban kanti da alayyahu. Ba irin wanda ake ɗaurewa da kaba ba. An wanke shi, an jera a farar roba, an lulluɓe da leda mai sheƙi, an manna masa koriyar takarda. Malam yana kan tabarma da rediyonsa, ya karɓa ya jujjuya shi.

"Ikon Allah," ya ce. "Yau ga alayyahu da riga da hula."

"Baba, oganik ne fa," in ji Ummi. "Ba irin na kasuwa ba ne."

Na ce, "Mene ne kuma oganik?"

Nan kowa ya zama malami. Ummi ta ce shi ne wanda ba a sa wa kemikal ba. Abba, da ya shigo da jakar kayan wayarinsa a kafaɗa, ya ce Turancin tsada ne kawai, a rabu da su. Malam ya ce duk abin da kakanninmu suka ci shi ne, an dai sake masa suna. Na dafa alayyahun, muka ci, alayyahu ne dai kamar kowane. Washegari na shiga kasuwa na tambayi wani mai karas, ya karkaɗe min ɗaya a gaban fuska ya ce, ba ki ga ƙasa a jikinsa ba, Hajiya? Wanda yake kusa da shi ya ɗago kabejinsa ya nuna min hujin tsutsa, ya ce wannan ita ce shaida. Na dawo gida ina dariya, amma tambayar ta ƙi sakina. Shekara da shekaru ina zuba wa bayin Allah miya, har da marasa lafiya, na iya zaɓen ganye da ido daga nesa, amma ban taɓa tambayar daga wace ƙasa ya fito ba, da wane ruwa aka shayar da shi.

Akwai Malam Ɗanjuma, mai kawo min kayan miya tun ina Gyadi-Gyadi, mutumin kirki wanda bai taɓa kawo min ruɓaɓɓe ba. Na kira shi na ce ina so in ga lambunsa. Ya yi mamaki, amma ya ji daɗi, ya zo da kansa ya ɗauke ni a adaidaita. Lambun ya yi kyau, kore shar, ganye kamar an shafa masa mai. Yana gaba yana nuna min, yana cewa shi bai taɓa sayen takin zamani ba, na gargajiya yake sawa. Na duba takin, sai na ga sharar gari ce da aka kwaso daga bola, ga leda, ga fasassun batura, ga kwalaben magani. Na bi tiyon da yake ban ruwa da shi har bakin rafin, na tarar da ruwa baƙi, da kumfa a kansa, da warin da duk wanda ya taɓa zama kusa da lambatu ya sani. A gindin bishiya kuma ga tankin feshi a jingine, bai ko bushe ba.

Na ce, "Malam Ɗanjuma, yaushe ka yi feshin nan?"

"Jiya da yamma, Hajiya."

"Yaushe za a yanka ganyen?"

Ya ce, "Gobe." Ya dube ni ya ƙara da cewa, "Hajiya, ke da kanki kin sha dawo min da ganye don ya yi huji. In ban fesa ba wa zai saya? Ruwa kuma wanda Allah ya kawo gefena shi nake ja. Ba ni da wani."

Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Mu masu saye mu muka ce muna son ganye marar tabo, shi kuma ya ba mu. Amma a hanyar dawowa na gane abu guda: rashin takin zamani kaɗai ba ya wanke abinci. Ina shiga gida ban ko cire mayafi ba na wuce ƙurya, na tsaya ina kallon filin Abba.

Da la'asar, kowa yana nan, na kawo maganar. Na ce a ara min filin shekara guda, tunda auren Abba sai baɗi. Malam ya sauke rediyo daga kunne.

"Saude, gwiwar da ta kasa tsayuwar murhu ita za ta yi noma?"

"Murhu tsayuwa ake yi wuri ɗaya. Wannan da kujera zan yi."

Abba ya ce, "Inna, ni ban ƙi ba. Amma na san ki. Abin da kika ara ya zama naki."

Ummi ce kaɗai ta yi tsalle, don ita tuni ta hango kasuwa. Ta ce za ta ɗauki hotuna ta sa a waya, mutanen Nassarawa da Hotoro za su yi ta rububi. Malam ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce shekara guda, ba ƙari, kuma duk ranar da na ce masa bayana yana ciwo ranar za a kira magini. Na ce na yarda. Ban taɓa cewa bayana yana ciwo ba, ko da yake ya yi.

Ummi ce ta kawo Malama Hauwa, yayar wata ƙawarta, malamar gona ce mai digiri, amma ba ta da girman kai ko kaɗan. Tana zuwa ta tattare zaninta ta durƙusa, ta damƙi ƙasar ta sansana, ta sa aka haƙa wuri-wuri. Ashe kafin a katange filin wani makanike ya daɗe yana zubar da baƙin mai a wajen, ga ɓaraguzan siminti ko'ina. Ta ce wannan ƙasar ko me na shuka a kanta, abin da ta sha shi za ta shayar da shi. Dole aka kwashe ta sama, aka kawo tifar ƙasa daga gonar su Malam ta gado a ƙauye, wadda ta daɗe a kwance ba a noma ta. Ta ɗebi ruwan rijiyarmu a kwalba ta tafi da shi aka gwada, ta auna da ido nisanta da masai, ta ce Allah ya taimake ni. Na fito da irin da na saya cikin murna, ta buɗe ta nuna min hodar nan mai ruwan hoda da ke jikinsa, ta ce magani ne, tun kafin ya shiga ƙasa an riga an yi masa wanka. Na ce to kashin kaji fa, ai shi na gargajiya ne. Ta ce ya danganta da abin da kajin suka ci, na babbar gona da ake ɗura wa magani kullum ba ɗaya yake da na kajin tsakar gida ba, kuma ko na gidan ne sai ya ruɓe ya huce kafin ya kusanci ganyen da za a ci.

Na zauna a kan bulo na riƙe haɓa. Na ce, "Malama, ashe abin ba a ganye yake ba."

Ta yi dariya ta ce, "Inna, ganye shi ne na ƙarshe da yake jin labari. Daga ƙasa ake farawa, sai ruwa, sai iri, sai taki, sai abin da kika yi ranar da ƙwari suka zo, sai yadda kika adana bayan girbi. Ko ɗaya ya karye, sunan ya faɗi."

Ummi ta ce ita dai a ba ta izini ta buga koriyar takarda irin ta kanti. Malama Hauwa ta ce a ƙa'ida wannan kalmar ba mai lambu ne yake ba kansa ita ba, akwai masu zuwa su duba, su bi diddigin komai, sannan su ba da shaida, kuma ƙasar da aka saba zuba wa magani sai ta huta 'yan shekaru kafin a yarda da ita. Na ce to tunda ba wanda ya zo ya duba ni, ba zan manna wa kayana sunan da ban ci jarrabawarsa ba. Ummi ta kumbura, ta ce ba sunan ba ciniki. Na ce ta rubuta abin da muka yi kawai: ƙasa daga ina, ruwa daga ina, taki daga ina. Wanda bai yarda ba, ƙofa a buɗe take, ya zo ya gani.

Iri kuwa ta kan katanga na fara samunsa. Maƙwabciyarmu Maman Ifeoma, wadda ta zo Kano tana amarya har ta aurar da 'ya'ya a nan, ta daɗe tana shuka ugu da shuwaka a buhuna a tsakar gidanta. Da ta ji saran fartanya ta taka turmi ta leƙo.

"Maman Ummi, gini ake yi ko kabari?"

"Lambu ne."

"Lambu! Shi ne ba ki faɗa min ba? Tsaya, ina zuwa."

Ta zagayo da 'ya'yan ugu a ƙullin zani, manya kamar goro, ta ce daga garinsu uwarta ta aiko da kakanninsu, ba su taɓa ganin kanti ba. Ni kuma na aika ƙauye wajen yayar Malam, ta haɗo min irin kuɓewa da rama da yakuwa da lalo da ta ajiye a cikin toka. Daga ranar kusan kullum Maman Ifeoma tana gidanmu da hantsi. Ita ta koya min yi wa ugu rumfa, ni na koya mata tsinke kan kuɓewa. Ranar Lahadi in ta dawo daga coci da ɗankwalinta mai tsayi, sai ta biyo ta duba shukarta kafin ta shiga gida, ta ce ai ita ma tana da jari a nan.

Malam da ya ce ba ruwansa, shi ya fara zagayowa da hannu a baya, yana cewa wannan kunyar ta karkace. Kafin wata ya ƙare ya karɓe ramin taki gaba ɗaya. Ya sayo awaki biyu, ya kafa doka a gida cewa ba a zubar da ɓawon komai, na albasa, na ayaba, na ƙwai, duk a kai masa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a ofis da biro a aljihu, sai ga shi yana tura hannu cikin rami yana cewa a zo a ji ɗumi, takinsa yana dahuwa. Ranar da na kafci ƙasa na ga tana tana motsi a ciki, na ƙwala masa kira kamar na tsinci zinariya, don Malama ta ce in na ga tana, ƙasar ta rayu. Muka tsuguna mu biyu, tsofaffi, muna kallon tsutsar ƙasa muna murmushi. Abba ya shigo ya same mu, ya girgiza kai ya juya.

Damina ta yi mana kyau. Mun ci kuɓewa har mun gaji, mun raba wa maƙwabta rama, Ummi ta samu 'yan masu saye da suke aiko direba. Da rani ya shigo na zuba ƙarfina a tumatir, don azumi yana tafe, kuma Ummi ta riga ta yi wa mutane alkawari. Ya yi kyau ƙwarai. Ya yi 'ya'ya har sai da muka tokare rassan da kara. Sai zafi ya tsananta, wata safiya na ga ganyen ya yi wasu fararen zane-zane kamar an bi shi da allura. Kafin mako ya zagayo ganye ya fara ƙonewa, 'ya'yan duk wanda na ɓare sai in ga 'yar tsutsa a ciki. Malama Hauwa ta zo ta duba, ta ce ita ce wadda manoma suke kira sharon, mai cinye gona cikin kwanaki. Muka daka 'ya'yan darbejiya muka jiƙa muka tace muka yayyafa, muka bi da toka, muka tsince ganyen da ya kamu da hannu. Ta ɗan lafa, ta dawo da ƙarfinta.

Ranar nan Malam ya dawo daga masallaci bayan azahar da wata 'yar kwalbar maganin feshi a aljihu. Bai ɓoye ba, ba halinsa ba ne. Ya ajiye ta a bakin taga inda kowa zai gani.

"Mai shagon ya ce sau ɗaya ya isa," ya ce. "Saude, ina kallonki kina jan gwiwa kina ban ruwa tun sanyi. Ba zan zauna tsutsa ta cinye wahalarki ba."

Ummi ta ce a hankali, "Inna, mutane suna jira. Na riga na ce musu akwai."

Na ce, "In mun fesa, za ki gaya musu mun fesa?"

Ta sunkuyar da kai. Malam ya ce in aka gaya musu ai ba za su saya ba, tunda abin da ya kawo su ke nan. Na ce to ka ga amsar da kanka. Ba haramun ba ne mutum ya fesa wa gonarsa magani, Malam Ɗanjuma yana yi, kuma da shi yake ciyar da iyalinsa. Amma mu mun ce wa mutane ba ma yi. Akwai wata mata a cikin masu sayen da take dafa wa mahaifiyarta marar lafiya, ta taɓa riƙe hannuna a ƙofar gida ta ce hankalinta yana kwanciya in ta san daga wurina ne. Da wane ido zan miƙa mata kwando? Ban faɗi wannan da ƙarfin zuciya ba, kada ku ɗauka. Ina magana ina kallon kwalbar, raina yana cewa sau ɗaya ne fa. Da Malam ya ƙara matsawa kaɗan, Allah kaɗai ya san abin da zan ce. Amma bai matsa ba. Ya ɗauki kwalbarsa ya mayar aljihu, ya ce bari ya je ya gani ko mai shagon zai karɓa.

Da yamma muka tuge tumatirin gaba ɗaya, don kada ta tsallaka kan tattasai da attaruhu. Maman Ifeoma ta zo ta taya mu, Abba ya dawo daga aiki ya tuɓe riga ya kama ba wanda ya roƙe shi. Muka tara a tsakiyar fili muka cinna wuta. Na zauna a kujerata ina kallo, hawaye yana zuba, na ce hayaƙi ne. Maman Ifeoma ta zauna kusa da ni, ta ce ita ma hayaƙin ya shiga nata idon.

Azumin nan da tumatirin kasuwa muka yi miya, kamar kowa. Ummi ta ɗauki hoton tokar ta aika wa masu saye, ta rubuta musu gaskiya: ƙwari sun zo, ba mu fesa ba, babu tumatir bana. Wasu ba su ko amsa ba, wasu suka koma kanti, ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba. Amma bayan Sallah sai sallama ta fara yawa a ƙofar gida. Mutane suka ce suna so su ga lambun da aka ƙona tumatir. Wata ta zo da 'ya'yanta da ba su taɓa ganin kuɓewa a jikin uwarta ba, ƙaramin ya ce shi ya ɗauka a leda take fitowa. Wani Alhaji ya zo sayen zogale ya ɓata rabin yini a bakin ramin taki, Malam yana yi masa darasi. Na koma ina jin sunana ta ko'ina: Inna, wannan mene ne? Inna, a yanko min ugu. Inna, yaya ake ajiye wake ba a sa masa fiya-fiya ba? Sai in nuna musu jarkokina, wake ya bushe ƙarau an cika har wuya an toshe, ko iska ba ta shiga balle ƙwaro ya rayu. Zannuwan da suka yi min yawa suka dawo daidai.

Shekara ta cika kamar yadda shekaru suke cika, ba ta tambayi kowa ba. An sa ranar Abba da Fa'iza. Ni da kaina na ce wa Malam ya kira magini, don aro na ce, kuma ban manta ba. Na fara cire 'ya'yan kuɓewa ina shanyawa, ina tunanin buhunan da zan jera a tsakar gida kamar Maman Ifeoma. Magini ya zo da igiyarsa ya auna, ya kafa turaku a tsakiyar fangalin alayyahu, ya ce ranar Asabar za a fara haƙa. Ranar Alhamis Abba ya same ni ina tuge yakuwa. Ya ja bulo ya zauna, ya daɗe yana wasa da makullin babur ɗinsa.

"Inna, ki bar tugewar nan. Na kama ɗaki biyu a Unguwa Uku."

Na ce, "Wa ya aike ka? Filinka ne. Ubanka ya tara bulon nan da sunanka."

"Na sani. Na yi magana da Baba, na yi da Fa'iza." Ya ɗago ya dube ni. "Inna, lokacin da muka taso daga Gyadi-Gyadi, kullum in na dawo sai in same ki a zaune kina kallon bango. Ban san abin da zan yi miki ba. Yanzu tun daga bakin layi nake jiyo dariyarki. Ba zan zuba siminti a kan wannan ba."

Na yi masa faɗa, na ce mutane za su ce na kori ɗana. Ya ce su ce. Na ce ina so in riƙa jin kukan jikokina ta katanga. Ya ce Unguwa Uku ba Makka ba ce. Na juya masa baya na ci gaba da kakkaɓe ƙasa daga saiwar yakuwar da na riga na tuge, sannan na haƙa rami na mayar da ita.

Kada ku ce abin bai ci min komai ba. 'Ya'yan Abba ba su yi rarrafe a tsakar gidana ba. Haƙorinsu na fari a waya aka gaya min. Ranar da Fa'iza ta fara naƙuda ina nan ina jiran adaidaita a bakin titi, wata maƙwabciyarsu ce ta riƙe ta. Akwai ranakun da nake duban fangalin nan in ga ɗaki da falo da 'yan takalma a bakin ƙofa. Wanda ya biya kuɗin lambun nan da gaske ba ni ba ce, Abba ne, kuma bai taɓa yi min gori ba.

Sati biyu da tarewa ya kawo Fa'iza ta wuni. Yarinya ce 'yar gayu, ta tashi a gidan bene, ga lalle har gwiwar hannu. Don ta nuna min ta iya, ta ce ita za ta yi miya. Na yanko mata kabeji da alayyahu ta kai bakin famfo. Can sai muka ji ihu, ta watsar da roba ta yo tsakar gida da gudu, wai wani abu kore yana tafiya a cikin ganyen. Malam ya je ya ɗauko 'yar tsutsar a kan tsinke, ya kai wa kaji, ya dawo ya ce mata ta yi haƙuri, 'yar haya ce, an sallame ta. Ta yi dariya har da riƙe ciki, kunyar surukai ta tafi. Na nuna mata yadda ake jiƙa ganye a ruwan gishiri a ɗauraye, na ce wankewa dole ce ko daga lambun wa ya fito. Ta yi miyar, ta yi daɗi, Maman Ifeoma ta zo da kwanonta.

Da za su tafi sai na ga tana ta noƙe-noƙe a bakin fangali. Na ce mene ne, 'yata?

"Inna, gidanmu duk siminti ne. Amma akwai rana ta wajen taga. In na samu bokiti, zai yi?"

Na tashi da gwiwar da ba ta son tashi. Muka nemo tsofaffin bokitan fenti, Malam ya huda gindinsu da ƙusa, ya cika su da takinsa da hannunsa, yana gaya mata ranar da za ta fara ban ruwa kamar mai ba da amanar marayu. Na dasa mata attaruhu da alayyahu da ɗan zogale. Abba ya ce babur ba zai ɗauka ba, ya bar shi a gidanmu, aka tsayar da adaidaita. Ya shiga da farar shaddarsa ta angwanci, bokiti ɗaya a cinya, ɗaya tsakanin ƙafafu, amarya a gefe ta rungume na zogale, ganyen yana shafar haɓarta. Mai adaidaita ya ja, suka faɗa ramin bakin layi, ƙasa ta zubo wa ango a gaban riga. Ya leƙo yana kakkaɓewa ya ɗaga murya.

"Inna! Kin ci filina, yanzu kuma kin biyo ni gida!"

Na tsaya a ƙofa ina dariya har suka sha kwana, Malam yana bayana yana ƙwala musu cewa kada su manta, da safe ake ban ruwa, ba da rana tsaka ba.